Takalman Hagu

A layin nan, in ka ce kana neman mai takalma, sai a tambaye ka wanne. Amma in ka ce Hagu kake nema, ko makaho zai nuna maka ƙofa. Sunan ya samo asali ne daga yadda yake jera kayansa. Tun yana saurayi, ubangidan da ya koya masa sana'a ya dasa masa wata ƙa'ida a ka: ba a baje takalmi ƙafa biyu a gaban shago. Na hagu shi ke zama a kanta, kowa ya gani, ya taɓa, ya gwada. Na dama kuwa yana can cikin sito a kwalinsa, naɗe da takarda, ba ya ganin hasken rana sai ciniki ya faɗa. Dalilin ba wani mai zurfi ba ne, ɓarawo dai ba ya gudu da ƙafa ɗaya. Ubangidan ya daɗe da rasuwa, an ma manta da kamanninsa, amma ƙa'idar ta zauna daram, har ta cinye sunan wanda ya gaje ta.

Hagu ɗan gajere ne, mai faffaɗan hannu, kuma in ya naɗe wando za ka ga gwiwarsa ta dama ta yi baƙi ta yi kanta saboda durƙuso. Rabin rayuwarsa a ƙasa ya yi ta, a gaban wani dogon benci na katako da gindin mutane ya goge har yana sheƙi. Ba ya tambayar lamba. Sai dai ya zaunar da kai, ya ɗora ƙafarka a cinyarsa, ya matsa yatsu, ya shafa dunduniya, yana yi yana tambayar lafiyar gida. Ya san mai ƙafar da ke gumi, ya san mai ɓoye yagaggiyar safa, kuma bai taɓa tona asirin kowa ba. Shi dai karin maganarsa ɗaya ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.

A bencin nan ya samu mata. Budurwa ce doguwa mai baki kamar reza, ta zo ne da yayarta, ta faɗi wata 'yar lamba da ko a mafarki ƙafarta ba za ta shiga ba. Hagu ya dubi ƙafar, ya haɗiye dariya, ya ɗauko daidai da ita, ya kuma rantse mata cewa lambar da ta faɗa ce. Sai bayan aure ta gano. Tun daga nan yake kiranta 'Yar Ƙafa, ita kuma take cewa Allah ya haɗa ta da maƙaryaci mai hannun kirki. Sun haifi 'ya'ya, sun aurar, duk sun watse garuruwa neman abinci, gida ya koma daga shi sai ita sai faɗan da ba ya kwana.

Abu ɗaya ne suka daɗe suna ja-in-ja a kai. Sa'o'in Hagu da suka samu, wani ya yi gini, wani ya sayi fili. Shi kuwa duk ribar da ta shigo hannunsa sai ya mayar da ita takalmi, kuma na fata mai kyau, ba tarkacen roba ba. Siton nan, wani siririn ɗaki ne marar taga a bayan shago, sai da ya cika shi da kwalaye har rufi. In 'Yar Ƙafa ta ce ya kamata su ajiye wani abu don tsufa, sai ya nuna mata ƙofar sito ya ce ga tsufansu nan a jere. Takalmi ba tumatir ba ne, in ji shi, ba ya ruɓewa, kuma muddin ana haihuwar mutane da ƙafa, shi da ita ba za su kwana da yunwa ba. Ba su da wani abu a duniya bayan ɗakin nan, kuma su biyun sun san haka.

Ba rana ɗaya abin ya zo ba. Da fari dai babura ne suka fara yawa a layin, da manyan akwatuna a baya. Masu tuƙa su suna sanye da hular kwano mai baƙin gilashi, ba sa cire ta ko sun tsaya, don haka Hagu bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba. Aka ce masa masu kai kaya ne: mutum na kwance a ɗakinsa zai latsa waya, ya zaɓi abin da yake so a intanet, a kawo masa har ƙofa. Hagu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce a sayi gishiri haka, ya yarda, amma takalmi? Wayar ce za ta durƙusa ta taɓa maka dunduniya?

Mai agogo ne ya fara rufewa. Sai mai jakunkuna, sai mai kayan kicin, sai matar nan mai turare da ke cika layin da shewa. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, amma Hagu ko a jikinsa. Abin da ya dame shi kawai shi ne shagunan ba su zama kango ba. Wani kamfani ne ya kama su ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su ma'ajiyar kaya. Ƙofofin ƙarfe a rufe dare da rana, ba allo, ba suna, amma in ka duba ta ƙasan ƙofa za ka ga fitila a kunne. Wani lokaci yakan ji ana jan kwali a bayan bangonsa, a inda mai agogo ke zama da, ya yi sallama da ƙarfi, jan kwalin ya tsaya, ba wanda zai amsa, can kuma a ci gaba.

Ya taɓa kai kuka ƙungiyar 'yan kasuwa. Ya miƙe a gaban tsofaffin da suka rage ya ce wannan ba gasa ba ce, yanka ne. Shi yana biyan haya, yana biyan wuta, yana biyan haraji, su kuwa mutanen waya ba a san ma inda suke ba, kuma suna sayar da takalmi ƙasa da yadda shi yake saro shi. Kowa ya gyaɗa kai, aka ce gaskiya ne, za a duba. Yana cikin magana wani mai hular kwano ya leƙo, shugaban ƙungiya ya ce a yi masa uzuri, ya fita ya karɓi ɗan kwalinsa, ya dawo yana cusa shi ƙarƙashin kujera. Hagu bai ƙarasa jawabin ba, bai kuma sake zuwa ba.

To, abin mamaki, shagonsa bai rasa mutane ba. Sai ma suka ƙaru, don shi kaɗai ya rage a yankin da za ka iya zura ƙafa a takalmi kafin ka saya. Amma wasu irin mutane ne. Za su shigo ba sallama, ido na kan waya, su nuna takalmi da yatsa. Hagu ya durƙusa, ya saka musu, ya ɗaure igiya. Su taka zuwa madubi, su dawo, su taka kuma. Daga nan sai su cire, su juya takalmin, su ɗauki hoton lambar da ke ciki, ƙyas, su ajiye a benci su fice. In ya ce a ɗauko na dama ne, sai su ce za su dawo. Wasu ma ba sa cewa komai, kallonsu yakan wuce ta kansa ya sauka a bango, har wata rana ya tsinci kansa yana leƙa madubi don ya tabbatar yana nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, wallahi abin da ya koma ke nan.

Kwana kaɗan bayan haka sai ya ga mutumin da ya gwada ya wuce ta gaban gilashi, sanye da takalmin nan sak, ƙafa biyu, sabo fil. Hagu ya juya ya dubi kanta: ga takalmin a zaune inda ya bar shi. Ya sake duban titi: ga shi can yana tafiya. Ya san dalili sarai, ba yaro ba ne, amma duk da haka tsigar jikinsa takan tashi. Akwai ranakun da yakan zauna yana kallon kayan shagonsa kaf suna wucewa a ƙafafun baƙi, ba wanda ya waiwayo.

'Yar Ƙafa ta ce ya daina bari a gwada sai an biya. Ya gwada yin haka rana ɗaya, bai iya ba. Mutum ya zauna a benci ya miƙo ƙafa, shi kuma ya tsaya ƙiƙam a kansa? Kafin ya yi tunani gwiwarsa ta riga ta kai ƙasa. Maimakon haka sai ya ƙara himma. Ya riƙa juya kayan, na cikin lungu ya kawo su bakin gilashi inda rana ke dukansu su yi ƙyalli, bayan 'yan makonni ya canza da wasu, don kowane takalmi ya samu rabonsa na idon masu wucewa. Kullum da safe yakan bi su ɗaya bayan ɗaya da tsumma da man gogewa. Abin da ke shigowa aljihu kuwa bai wuce na igiya da kwalbar mai ba. Ƙofar sito ta yi ta zama a rufe, har kwaɗon ya fara tsatsa.

A wajen gogewar nan ne ya fara lura da wasu abubuwa da bai gaya wa kowa ba. Takalman sun fara yin layi a gadon yatsu, irin layin da takalmi ke yi in ya sha hanya. In ya zura hannu ciki sai ya ji gurbin babban yatsa, ya ji kwarin dunduniya, alhali ba mai su. Sannan da safe in ya ɗaga ƙofa, sai ya tarar hancinsu ya ɗan karkata, dukkansu, wajen ƙofar fita. Ya gaya wa kansa manyan motocin da ke sauke kaya a maƙwabta ne ke girgiza kanta. Ya daidaita su, washegari ya tarar sun sake juyawa. Daga baya ya daina daidaitawa, ya kuma daina juya musu baya in yana shara.

Autarsu ta zo ganin gida, ta ce bari ta nuna wa Baba yadda abin yake, ko ya saki ransa ya bi zamani, tunda in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ta buɗe masa shafin masu takalma a wayarta, tana ja da yatsa, takalma na wucewa ba iyaka. A ƙarƙashin wani, inda masu saye ke saka hotuna suna yabawa, sai ga wani takalmi ruwan ƙasa riƙe a hannun mutum. Faffaɗan hannu ne, da tabon wuƙa a gindin babban yatsa, a bayansa kuma ga gefen wani benci mai sheƙi. Ba kai, ba fuska, hannu kawai. Hagu ya dubi hoton, ya dubi hannunsa, ya tura shi cikin aljihu. Auta ta yi dariya ta ce ashe Baba ya shiga intanet bai sani ba. Shi bai yi dariya ba, ranar ko abinci bai iya ci ba.

Ana haka wani dillali ya zo, irin masu kwashe kayan shagon da ya mutu. Ya leƙa, ya taya kayan gaba ɗaya, gaba da baya, a wani farashi na wulaƙanci. 'Yar Ƙafa ta roƙi mijinta ya karɓa, da babu gara ba daɗi. Ta yi faɗa, ta yi zolaya, ta yi kuka. Hagu ya kafe. Ya ce wannan guguwa ce, za ta wuce, ranar da ƙafafun mutane suka gaji da ciwo za su dawo neman wanda zai taɓa su, kuma a ranar kayansa na nan yadda ya ajiye su. 'Yar Ƙafa ta sauke murya.

"Shi ke nan, maigida. Ka fi ni sanin takalmi. Na bar maka."

Bai taɓa jin ta sallama magana haka ba, kuma abin ya fi faɗan yi masa nauyi. Dillali ya tafi bai sake dawowa ba.

Wata hantsi, layin shiru sai kukan babur daga nesa, Hagu ya ji an yi sallama. Sai da aka maimaita kafin ya gane da shi ake. Wata mata ce mai matsakaicin shekaru, tana riƙe da hannun wani dattijo da ke jan ƙafa cikin tsofaffin silifa. Ta gaishe shi har da rusunawa, ta kira shi Kawu, ta tambayi kasuwa. Ta ce mahaifinta ne, ciwo ya kumbura masa ƙafafu, ta yi masa oda a waya ta mayar, ta sake yi ta mayar, ba wanda ya shiga. Wani ne ya ce mata akwai wani tsoho a layin nan da ke auna ƙafa da hannu. Ta ce ita ba gwaji ya kawo ta ba, saye ta zo yi, in an dace da takalmin a ƙafarsa zai fita.

Hagu ya miƙe zumbur. Ga ranar da ya faɗa ta zo! Ya zaunar da dattijon, ya durƙusa, gwiwar ta yi ƙara bai kula ba. Ya ɗora ƙafar hagu a cinyarsa, mai nauyi, mai sheƙi, ya bi ta a hankali da tafin hannu. Ya miƙe ya ɗauko wani takalmi mai faɗin baki daga kanta, ya sassauta igiya, ya zura. Ƙafar ta shige sumul. Dattijon ya lumshe ido, ya sauke dogon numfashi, ya ce rabonsa da jin ƙafarsa a cikin abin da ba ya cizo har ya manta. 'Yar ta juya fuska tana share ido, ta ce a kawo ɗayan.

Sai da ya yi kokawa da kwaɗon kafin ya buɗe. Sito ya tarbe shi da sanyi da warin fata da gam, kwalaye a jere har sama, tsit. Hannunsa bai manta ba, ya zaro kwalin da yake nema, ya fito da shi rungume a ƙirji. Ya durƙusa, ya warware takarda, ya ajiye na dama kusa da ɗan'uwansa.

Na daman baƙi-baƙin ruwan ƙasa ne, siriri, a miƙe, yana ƙyalli yadda ya fito daga masana'anta. Na hagun da ke ƙafar dattijo kuwa rana ta koɗar da shi ya koma ja-ja, ya buɗe, ya baje, ya yi layi-layi. Wanda bai sani ba zai rantse uba ne da ɗa. Hagu ya yi shekaru yana kallon na hagun kullum, don haka bai ga tsufansa ba, sai yanzu da aka ajiye masa yadda yake a da.

Duk da haka ya gwada. Ya sassauta igiya har ƙarshe, ya lallaɓa, ya tura. Yatsu suka shiga, sauran ƙafar ta ƙi. Dattijon ya cije leɓe, ya dafa kafaɗarsa ya ce ya bari haka nan. Sannan ya sunkuya ya shafa na hagun.

"Ɗan'uwa, wannan an yi tafiya a cikinsa."

"Bai taɓa fita ƙofar nan ba," in ji Hagu.

"To, mutane da yawa sun bi ta cikinsa."

Hagu ya ce a yi masa haƙuri, akwai wani. Ya ɗauko wani na hagu, ya ruga sito ya kawo na damansa. Haka. Ya kawo na uku, baƙi, ya tarar na kantar ya zama ruwan toka. Matar ta fara jin nauyi, ta ce kada Kawu ya wahalar da kansa, sun gode. Amma dattijon ya ƙi cire takalmin da ke ƙafarsa. Ya ce ko ƙafa ɗaya ce ta huta ai an rage, a faɗa masa kuɗin wannan ɗin. Hagu ya ce shi tunda yake bai taɓa sanin kuɗin ƙafa ɗaya ba, ya je da shi. Suka yi godiya suka fita, takalmi a hagu, silifa a dama. Ya daɗe yana jin takun a layin da ba kowa, ɗaya mai nauyi, ɗaya yana ja.

Daga nan ya shiga fito da kwalaye. Ba sauri yake ba, ba kuma tsayawa. Ya buɗe, ya warware takarda, ya sauko da na hagu daga kanta, ya jera su a ƙasa gefe da gefe. Kowane kwali da ya ɗauko yana cewa a ransa wataƙila wannan ya tsira, wataƙila wannan bai sha rana ba. Amma ai shi da hannunsa ya tabbatar kowanne ya samu rabonsa a bakin gilashi. Ƙasan shagon ya cika, ya koma kan benci, bencin ma ya cika. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, ba na takalman ba, na matar da za ta shigo da abincin rana.

Ta zo kuwa, da kula a hannu, tun daga waje tana mita cewa ya bar ƙofa a wangale ƙuda na shiga. A bakin ƙofa maganar ta yanke. Ta ga mijinta zaune a ƙasa cikin tarin takardu, ta ga sito a buɗe wayam, ta bi layin takalman da ido, sabo da tsoho, sabo da tsoho, har bango. Mace ce mai kaifin kai, ba ta buƙaci bayani ba.

"Duk?" ta ce.

"Duk."

Ya jira faɗan. Ya so ta yi, ta tuna masa dillali, ta ce ai ta faɗa, ko ya ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ajiye kular a kan wani kwali, ta ture takalma ta samu gefen benci ta zauna. Ta jawo tsumma da gwangwanin mai, ta ɗauki wani koɗaɗɗen na hagu ta shiga gogewa da dukkan ƙarfinta, har awarwaronta na kaɗawa.

"Bari, 'Yar Ƙafa," ya ce a hankali. "Ba ya komawa."

Ba ta ko ɗago ba. Ta goge hanci, ta goge gefe, ta tofa masa yawu ta sake gogewa. Da ta gama ta sunkuya ta ajiye shi kusa da na damansa, ta ja baya, ta karkata kai tana kallo. Ta daɗe a haka. Sannan ta goge ido da bayan hannu, man ya bar mata baƙi a kumatu, ta miƙa masa hannu ba tare da ta dube shi ba.

"Miƙo min na gaba."